Shajaratud-Durri: Matar Da Ta Haɗiye Kukanta

'Yar'uwa, in ana zancen yaƙe-yaƙen da Kiristocin Turai suka kawo wa ƙasashen Musulmi, Salahuddin ake fara ambata. To yau ga wata mace da ya kamata ki sani.

Shajaratud-Durri baiwa ce, Allah ya ɗaukaka ta ta zama matar Sarkin Masar, Salihu Ayyuba. A shekarar 1249 Sarkin Faransa, Luwis na 9, ya ƙetaro teku da rundunarsa ya kame garin Dimyat. Ana cikin haka, a watan Nuwamba, Allah ya yi wa Sarki Salihu rasuwa a Mansura, inda sojojinsa suka ja daga.

Ke ma kin san yadda rashin maigida yake girgiza mace. Amma ita ta hango cewa in labari ya fita, runduna za ta watse. Sai ta shanye kukanta, ta sanar da babban kwamanda, Fahruddin, suka rufe zancen. Aka ci gaba da kai abinci ɗakin sarki, umarni na fita da sunansa, ta aika a ɗauko ɗansa Turanshah.

A Fabrairun 1250 aka gwabza a Mansura, aka kashe ƙanen Luwis. A Afrilu aka kama shi kansa, sai da ya mayar da Dimyat ya biya fansa. Da manyan sojoji suka kashe Turanshah, ita suka naɗa. Ta yi mulki kimanin kwana 80, an buga sunanta a kuɗi, ana yi mata addu'a a huɗubar Juma'a. Halifan Bagadaza bai amince ba, don haka ta auri kwamanda Aibak ta bar masa gadon.

Ƙarshen nata ne abin tausayi. A 1257 ta ji Aibak na neman 'yar Sarkin Mausil, ta sa aka kashe shi. Ba a daɗe ba ita ma aka kashe ta. Kabarinta na nan a Alƙahira.

Duba fa, 'yar'uwa, zuciyar da ta daure wa mutuwar miji da rundunar Faransa, zancen kishiya ne ya kayar da ita. Allah ya gafarta mata, mu kuma ya ba mu ikon mallakar zukatanmu, amin.