Mamman Shata: Mawaƙin Da Ke Ƙera Waƙa A Gaban Jama'a

Duk wanda ya taɓa zama a zauren taro ranar da 'yan wasan barkwanci suka hau dandamali ba tare da rubutaccen wasa ba, ya san ɗayan abu biyu ke faruwa. Ko dai a yi dariya har a riƙe ciki, ko kuma 'yan wasa su tsaya cirko-cirko suna kallon juna, 'yan kallo su fara sulalewa. Idan abin ya kwaɓe, wani lokaci har a kafa hujja da Shata, wai ai shi ma ba ya zama ya yi bita kafin ya fito. Gaskiya ne an san Alhaji Mamman Shata da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a. To amma kafin mu ɓuya a bayansa, ya kamata mu san irin rayuwar da ta kai shi ga wannan matsayi.

Daga Musawa zuwa Bakori

An haifi Muhammadu Shata a garin Musawa, cikin Jihar Katsina ta yanzu, a shekarar 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, ba makaɗi ba ne, kuma bai so ɗansa ya shiga harkar waƙa ba, domin a wancan zamani ana kallon ta a matsayin roƙo, abin da ɗan mutunci ba ya yi. Ke nan Shata bai gaji waƙa ba, shigar ta ya yi da ƙafarsa. Ya yi karatun allo kamar sauran yaran garin, sannan ya shiga tallar goro, daga baya ya koma sayar da alewa. Labarin da ya fi yaɗuwa game da laƙabinsa shi ne, tun yana tallar goro ba ya iya riƙe kuɗi. Yakan rabar da abin da ya samu ga mutanen da ya haɗu da su, ya dawo gida hannu rabbana, kuma daga wannan hali ne sunan Shata ya bi shi.

Wannan zamani na talla bai kamata a wuce shi da sauri ba, domin nan ne makarantarsa. Mai talla dole ya iya tsayar da mutumin da ke sauri, ya karanci fuskarsa, ya san wanda za a zolaya da wanda za a girmama. Yana jin yadda mahauta ke magana, da yadda dillalai ke ciniki, da habaicin da mata ke yi wa juna a bakin rijiya. Da dare kuma, bayan an ci tuwo, samari da 'yan mata su hallara a dandali, a buga ganga, a yi ta jefa wa juna waƙa. A nan Shata ya fara, don nishaɗi kawai, ba don a ba shi ko anini ba. A dandali babu takarda, babu jira. In an jefo maka, ko ka mayar yanzu ko a yi maka dariya.

Da sunansa ya fara fita daga Musawa, sai ya koma Bakori, inda Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a harkar sayen auduga da gyaɗa, ya zama ubangidansa. Daga Bakori ne ya riƙa yawo da makaɗansa gari-gari, kasuwa-kasuwa, biki-biki. A shekarar 1952 ya yi wasa a Kano a wani gagarumin biki da ake kira Bikin 'Yan Sarki, kuma daga nan tauraronsa ya haska a duk Arewa. A 1960 ya tare a Funtuwa, nan maƙwabtanmu kan hanyar Gusau, kuma can ya zauna kusan shekara arba'in.

Yadda ake ƙera waƙa a tsaye

Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo an san su da tsara waƙa tare da yaransu kafin a je gaban sarki, kowa ya san inda zai karɓa da inda zai ƙara. Tsarin Shata daban ne. Shi zai ba 'yan amshi layi ɗaya tak, wanda za su yi ta maimaitawa daga farko har ƙarshe, masu kalangu su kama kiɗan, shi kuma ya shiga zubo baitoci. Waƙa ɗaya tana iya ɗaukar minti biyar a yau, gobe a wani biki ta kai rabin awa, da sababbin sunaye da sababbin labarai. Shi ya sa Bakandamiya, waƙar da yake wasa kansa a cikinta, ba ta da siga guda. Ya yi ta rera ta shekara da shekaru, kowane lokaci da abin da ya ƙaru.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka baiwa ce kawai, ko ma ya ce aljanu ne. Amma in ka saurara da kyau, za ka ga abin yana da ƙa'ida. Na farko, amshin nan da ake maimaitawa shi ne ke ba shi 'yan daƙiƙun da zai numfasa ya shirya baiti na gaba. Na biyu, kalangu kiɗa ne mai magana. Makaɗi yana matse igiyoyin da hammatarsa, sauti ya hau ko ya sauka kamar muryar mutum, don haka makaɗan suna bin Shata, shi ma yana bin su. Na uku, akwai maroƙa da sanƙira a gefe, masu shelar wanda ya iso da wanda ya yi kyauta, da sunan ubansa da garinsu. Abin da suka faɗa yanzu, sai ka ji shi a cikin waƙa bayan ɗan lokaci. Na huɗu, kansa cike yake da kirari da karin magana da sunayen garuruwa da salon jimloli da ya daɗe yana amfani da su, waɗanda yake ɗaukowa ya jera su yadda wurin ya buƙata.

Wannan ba hasashe ba ne. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, a kan Shata ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Kafin nan, masana biyu, Milman Parry da Albert Lord, sun yi nazarin mawaƙan baka na ƙasar Yugoslabiya, suka nuna cewa mawaƙin da ba ya rubutu ba haddace waƙa yake yi kalma-kalma ba, sake gina ta yake yi duk lokacin da ya rera, da tubalan da ya tara tun yana yaro. Ka ga ashe shirin Shata ya riga ya gudana tun kafin a kafa lasifika. Shekarun talla da dandali da yawon kasuwanni su ne bitarsa.

Mai sa dariya, mai sa kuka

Mutane da yawa sun fi tuna Shata da waƙoƙin yabo, irin ta Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da ta Umaru Ɗan Ɗanduna na Gwandu, da ta Magaji Mai Ido Ɗaya. Amma shi gwanin barkwanci ne na gaske. A waƙar Hassan Sarkin Dogarai, labari ya shimfiɗa kamar wasan kwaikwayo, ya mai da kansa matsoracin da ya faɗa hannun ƙaton dogari yana neman mafita. Mutumin da manya ke shakkar bakinsa, shi ne ya yarda a yi masa dariya. Wannan darasi ne da masu barkwancinmu na yau suke yawan mantawa: wanda ya iya zolayar kansa, jama'a sun fi sakin jiki da shi.

Kuma babu abin da ya fi ƙarfin ya saka shi a waƙa. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a watan Yuli na 1969, Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, ya kawo labarin har kunnen manomin da bai taɓa riƙe jarida ba. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa sojoji da kiran haɗin kan ƙasa. Gidan rediyon Kaduna da faifan garmaho, daga baya kuma kaset, suka kai muryarsa duk inda Bahaushe yake. Shi da ƙungiyarsa sun yi wasa a Nijar da Gana, sun je Ingila da Amurka.

Ba za a rufe ido a kan ɗaya ɓangaren ba. Bakin da ke yabo shi ne ke zambo, kuma zambon Shata ba ya warkewa da wuri. Gagarabadau misali ce da har yau ake tunawa. Waƙar A Sha Ruwa kuma ta jawo masa suka daga malamai da iyaye, saboda yadda ta yi wa mashaya kirari. Shi kuma wannan mutumin ne ya yi waƙoƙin yabon Annabi da na gargaɗi. Abin lura a nan shi ne, maganar da aka ƙirƙira nan take ba ta da damar gyara. In ta fita ta fita, ga shi kuma an naɗe ta a kaset. A zamaninmu da kowa ke riƙe da waya mai ɗaukar bidiyo, wannan haɗari ya ninka.

Abin da Turawa suka mayar darasi

A birnin Shikago na Amurka akwai gidan wasan barkwanci mai suna Second City, wanda aka buɗe a 1959, inda 'yan wasa ke karɓar kalma daga bakin 'yan kallo su gina wasa a kanta. Wata malama, Viola Spolin, ta fitar da littafi a 1963 cike da atisayen koyar da wannan fasaha, sannan Del Close ya shahara da tsarin dogon wasa wanda ƙungiya za ta shafe kusan rabin awa tana saƙa labarai daga kalma guda. Babbar ƙa'idarsu ita ce, duk abin da abokin wasanka ya kawo, ka karɓa ka ɗora a kai, kada ka ƙaryata shi. Masu koyon abin suna shafe watanni a aji kafin a bar su su fuskanci jama'a.

In ka duba, wannan karɓa da ɗorawa shi ne abin da ke gudana tsakanin Shata da 'yan amshinsa da makaɗansa. Kuma mu a Zariya ba baƙon abu ba ne. Yaran da ke tashe a unguwannin cikin ganuwa in azumi ya kai kwana goma, daga Ƙofar Doka har Kwarbai, ba su da takarda, kowane gida da irin zolayar da za su yi wa mai shi. 'Yan kama ma haka suke juya wa'azi da waƙoƙin manya su koma zancen tuwo da miya. A Samaru kuwa, tun shekarun 1970 ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suke shiga ƙauyuka, su zauna su saurari matsalolin manoma, sannan su gina wasa a kansu ba tare da rubutu ba. Ko'ina ka duba, sauraro ne ke zuwa kafin magana.

Ƙarshen tafiya

Shata ya taɓa siyasa. Ya zama kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya a shekarun 1970, ya kuma shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa a jamhuriya ta uku. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girmamawa ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello, a nan Zariya, ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Mutumin da bai zauna a ajin boko ba, wanda mahaifinsa ya ji kunyar sana'ar da ya zaɓa, shi ne ya sa rigar dakta a gaban farfesoshi.

Bayan doguwar jinya da ta kai shi asibiti a Kano da Jidda, Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, yana da shekara 76. An yi jana'izarsa a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, kuma can kabarinsa yake. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah.

'Yan uwana ɗalibai masu sha'awar dandamali, da masu ɗaukar gajerun bidiyon barkwanci a ɗakunan kwana, in za mu yi koyi da Shata, mu ɗauko abin tun daga tushe. Mu riƙa haɗuwa a kai a kai da mutanen da za mu yi wasa tare, har kowa ya san numfashin ɗan uwansa. Mu shiga kasuwa mu ji yadda mutane ke magana. In wata ƙungiya ta kawo ziyara ko an shirya taron horaswa, mu je mu koya, kada girman kai ya hana mu. Kuma kafin mu ambaci sunan wani don a yi dariya, mu tuna cewa bidiyon zai daɗe bayan dariyar ta wuce.

Allah ya jiƙan Dakta Mamman Shata, ya yafe masa kurakuransa, amin.