Tarihin Duro Ladipo, Malamin da Ganga ta Raba da Coci

A wannan makon na kawo muku tarihin wani Bayarabe mai wasan kwaikwayo da waƙa, wato Duro Ladipo. Na zaɓe shi ne saboda kullum 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu suna kukan ba su da dandali, ba su da kayan wasa. To shi ma da ya fara ba shi da su.

An haife shi a garin Oshogbo, wanda yanzu shi ne babban birnin Jihar Osun. Kafin a haife shi, iyayensa sun yi ta haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna jarirai, irin abin da mu muke kira wabi. Shi ya sa aka raɗa masa suna Durodola. A Yarbanci "duro" na nufin tsaya, wato ana roƙonsa kada shi ma ya tafi. Allah da ikonsa kuwa ya rayu.

Mahaifinsa malamin cocin Angilika ne, amma kakansa makaɗi ne na gargajiya. Duro ya taso yana bin kakan nan wuraren bukukuwa, har kiɗa ya shiga jininsa. Da ya girma ya zama malamin makaranta.

A shekarar 1960 ya shirya waƙoƙin bikin Ista a wani coci a Oshogbo, sai ya shigo da gangunan gargajiya ciki. Manyan cocin suka fusata ƙwarai, don a wurinsu waɗannan ganguna na masu bautar gargajiya ne. Ku duba fa, ɗan malamin coci ne ya yi wannan! Daga nan dole ya nemi wani wuri da zai riƙa nuna fasaharsa.

Wurin da ya samu ba wani babban zaure ba ne. Yana da wata 'yar mashaya a Oshogbo, ita ce ya mayar gidan wasa a 1962 tare da abokinsa Ulli Beier, wani Bature ɗan Jamus. Suka sa wa wurin suna Mbari Mbayo. 'Yan wasansa mutanen gari ne, yawancinsu ba su taɓa zuwa makarantar koyon wasa ba. Abin da suka dogara da shi murya ce da rawa da gangar bata. Wasannin da Yarbanci ake yin su, kuma yawancin maganar rera ta ake yi.

Wasansa da ya fi shahara shi ne Oba Koso na 1963. Labarin Shango ne, sarkin Oyo na dā. Yana da jarumai biyu, Timi da Gbonka, waɗanda suka yi ƙarfi har ya fara tsoronsu, sai ya haɗa su faɗa. Dabarar ta juye masa. Gbonka ya yi nasara ya juyo kansa, jama'a suka watse suka bar shi, sai matarsa Oya ce ta bi shi. Da ita ma ta juya, baƙin ciki ya sa ya rataye kansa. Mabiyansa suka ƙi yarda, suka ce sarki bai rataye kansa ba, kuma ma'anar sunan wasan ke nan.

Wurin da ya fi burge ni shi ne, Duro da kansa yake fitowa a matsayin Shango, ita kuma mai fitowa a Oya sunanta Abiodun, wadda ya aura a 1964. Ke nan mata da miji ne a gida, mata da miji a dandali. Ni dai ina tunanin yadda take ji duk lokacin da wasa ya kai inda za ta tafi ta bar shi.

A 1964 suka kai wasan bikin birnin Berlin a Jamus, a 1965 kuma suka je Ingila bikin fasaha na ƙasashe renon Ingila. Turawan ba sa jin Yarbanci, amma wasan ya karɓu sosai. Ya rubuta wasu wasannin kamar Oba Moro da Oba Waja da Moremi.

Duro Ladipo ya rasu a Ibadan ranar 11 ga Maris, 1978. Mutane suna ba da labarin wai ranar an yi ruwa da tsawa, har wasu suka ce Shango ne ya zo tarbarsa. Ni ban yarda da wannan ba, amma har yau Yarbawa suna faɗa.