Kawsan (1880–1919): Yaƙin Abzin da Abin da Ya Bari

An haifi Kawsan wajen shekara ta 1880 a ƙasar Damargu, cikin Ikazkazan, wani reshe na Abzinawa. Ya tashi daidai lokacin da Turawan Faransa suka shigo Damagaram a 1899, don haka ƙuruciyarsa ta ƙare cikin ƙaura da faɗa. Ya bi ayarin waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka nufi gabas, Kanem da Barku, inda ya shiga ɗariƙar Sanusiyya, daga bisani ya gangara Fezan ta ƙasar Libiya.

Yayin da yake can, Abzin tana shan wuya. Nasara sun ɗora haraji, suna kuma karɓe raƙuma don jigilar kayan soja, alhali raƙumi shi ne jari da abincin mai fataucin gishirin Bilma. Sai ga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa ke kira Kakalaba, ta cinye mutane da dabbobi, harajin kuwa bai sauka ba. Wannan ƙunci ne ya tara masa jama'a, fiye da duk wani wa'azi.

Sarkin Abzin Tagama, wanda Nasara ke ɗauka nasu ne, ya yi ta aika masa saƙo a asirce. A watan Disamba na 1916 Kawsan ya iso Agadas da bindigogi da igwa da aka ƙwace daga hannun Italiyawa, ya kewaye barikin soja. Kusan wata uku aka yi ana wannan hali. A farkon Maris na 1917 rundunar da ta taso daga Damagaram ta karya kewayen, Turawan Ingila ma suka turo dakaru daga Nijeriya don taimako.

Horon da ya biyo baya ya fi yaƙin kansa muni. An karkashe mutane da yawa a Agadas, har da malaman da ba su ɗauki makami ba. An kwashe dabbobi, aka kori jama'a daga duwatsun Abzin, da yawansu suka watsu kudu, Damargu da Adar da ƙasar Hausa har Kano. Ya kamata a faɗi cewa mayaƙan Kawsan su ma sun ƙwaci dukiyar talakawa da ta ƙabilun da suka ƙi bin su. Shi kuwa ya janye ta Tibesti zuwa Fezan, aka rataye shi a Murzuk a 1919. Tagama ya rasu a kurkukun Damagaram a 1920.

Daga nan hukuma ta riƙa kallon arewa da idon zargi, mutanen arewa kuma suna gudun makaranta da aikin gwamnati. Samun mulkin kai a 1960 bai cike wannan rami ba. Mutanen Dakoro, da ke zaune a mahaɗar gonaki da makiyaya, inda dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, sun san yadda farin 1973 da na 1984 suka sake tarwatsa makiyaya zuwa Aljeriya da Libiya. Bayan dawowarsu aka zubar da jini a Cintabaradan a 1990, tawaye ya tashi, masu yin sa kuwa suna ambaton sunan Kawsan.

Wannan karon zama aka yi. Da shiga tsakanin Aljeriya da Burkina Faso da Faransa, aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Yamai ran 24 ga Afrilu 1995, aka kuma ƙona makamai a Agadas a shekara ta 2000, ko da yake rikicin ya sake kunno kai daga 2007 zuwa 2009. Gidan da ake kira fadar Kawsan, kusa da babban masallacin Agadas, daga baya an mayar da shi masaukin baƙi.