Carl Wunderlich, likitan da ya sa wa zazzaɓi lamba

Idan kun kai jariri allurar rigakafi aka ce ku lura ko zafin jikinsa zai kai digiri 38, ku sani wannan lamba tana da asali. Aikin wani likita ne ɗan ƙasar Jamus mai suna Carl Wunderlich.

An haife shi a 1815 a garin Sulz, mahaifinsa ma likita ne. Ya karanta likitanci a Jami'ar Tübingen, ya je Faris da Biyana ya ga yadda manyan asibitoci ke aiki. A 1850 ya koma Leipzig a matsayin farfesa, kuma a can ya yi sauran rayuwarsa har ya rasu a 1877.

A zamaninsa da tafin hannu likitoci ke gane zazzaɓi, kamar yadda ake yi a gidajenmu har gobe, da yawa kuma suna ɗaukar zazzaɓin shi ne cutar. Wunderlich ya sa a riƙa auna majinyata kullum ana rubutawa. Ma'aunin lokacin dogo ne, ya haura santimita 20, kuma sai ya yi kusan minti 20 a hammata kafin a karanta. Duk wanda ya taɓa riƙe jariri mai kuka na minti ɗaya da ma'auni ya san wannan ba ƙaramin haƙuri ba ne. Da haka aka auna mutum kimanin 25,000, awon ya zarce miliyan. A littafinsa na 1868 ya nuna cewa zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37, ya fi sauka da asuba, ya ɗan hau da yamma, sama da 38 kuwa zazzaɓi ne. Wani bincike a Amurka a 1992 ya rage matsakaicin zuwa 36.8, amma 38 tana nan ana aiki da ita.

A ganina babban abin da ya bari shi ne fahimtar cewa zazzaɓi alama ce, kuma yadda yake hawa da sauka cikin kwanaki ya fi awo guda bayani. Takardar zanen zafin jiki da kuke gani a gadon asibiti, shi ya yaɗa amfani da ita.

Haka za ku karanta zazzaɓin da ke biyo bayan allurar Penta ta mako 6 da 10 da 14. Yakan fara a ranar ko washegari, da rigima da ɗan kumburi a cinya, ya wuce cikin kwana biyu. Ku auna a hammata, ku rubuta lambar da lokacin. A yawaita ba shi nono, a rage masa tufafi. Farasitamol kuwa gwargwadon nauyinsa ake ba shi, yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa. Ban da asfirin, ban da jiƙo, ban da wanka da ruwan sanyi.

Jaririn da bai kai wata uku ba, in ya kai 38 a nuna shi ga ma'aikacin lafiya ko da jiya aka yi allurar. In zazzaɓin ya wuce kwana biyu, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi jijjiga, ko ya kwashe awa uku yana kuka ba tsayawa, kada ku ɗora wa allura laifin. Zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka ba sa jiran ta gama aikinta, ku garzaya asibiti.