MALAM ABDULLAHI NA GWANDU: MALAMIN DA KE AUNA ƊALIBI KAFIN YA ƊORA MASA KARATU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa.



A jami'o'inmu akwai fannin da ake koya wa masu shirin zama malaman makaranta, wato ilimin halayyar mai koyo: yadda yaro ke fahimta, yadda yake haddacewa, dalilin da ya sa yake mantuwa, da abin da ke sa ya so karatu ko ya tsane shi. Idan ka buɗe littattafan fannin, yawanci sunayen masanan Turai da Amurka za ka tarar. To amma a nan ƙasar Gobir an yi wani malami wanda rayuwarsa da rubuce-rubucensa suka nuna ya daɗe yana tunani a kan waɗannan tambayoyi. Shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, Allah Ya jiƙansu.

TASHINSA DA KARATUNSA

An haife shi a shekarar 1180 bayan Hijira, daidai da 1766. Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12. A hannun mahaifinsa Malam Muhammadu Fodiyo ya yi karatun Alƙur'ani. Da ya kai shekara 13 sai aka miƙa shi ga yayansa, wanda a lokacin ya riga ya fara wa'azi da karantarwa a Degel.

Ku lura da yadda Shehu ya bi da shi. Ya karantar da shi Ishiriniya da waƙoƙin Larabawan farko, domin harshe ya faɗa kuma kunne ya saba. Ya ba shi tauhidi daga littattafan Sanusi. A nahawu ya biya masa Ajuruma da Mulha da Ƙaɗrun Nada. A fiƙihu kuwa Ahalari da Ishmawi da Risala. Ya kuma ji tafsiri daga bakin Shehu tun daga Fatiha har ƙarshen Alƙur'ani, ba sau ɗaya ba. Ƙarami kafin babba, mai sauƙi kafin mai wuya, sannan a maimaita.

Bai tsaya ga yayansa kaɗai ba. Ya ɗauki ilimi wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya kuma halarci karatun Sahihul Buhari wajen Malam Muhammadu ɗan Raji. A 1812 ya rubuta ɗan ƙaramin littafi mai suna Ida'un Nusukh, inda ya jero malamansa da littattafan da ya karanta a hannun kowannensu. Ashe mutumin ya zauna ya bi sawun karatun kansa, daga ina ya faro, wa ya ɗora shi a kan me. Har gobe masu bincike kan yadda karatu yake a ƙasar Hausa kafin jihadi ba su da madogarar da ta fi wannan littafi. Baturen nan Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi tun 1957.

A shekarun da Shehu ya yi yana yawon wa'azi a Zamfara, Malam Abdullahi na tare da shi. A nan ne wani malami, Mustafa Gwani, ya soki yadda mata ke halartar majalisin Shehu. Shehu ya umurci ƙanensa ya mayar da amsa, shi kuwa ya amsa a waƙe. Abin da ya kafa hujja da shi shi ne, barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi illa, kuma ai ana keɓe musu wurin zamansu. Tun yana saurayi ke nan bai yarda a cire wani daga sahun masu koyo ba.

YAƘI DA ABIN DA YA CINYE

A watan Fabrairu na 1804 Jama'a suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto, Malam Abdullahi ne jagoran runduna. Kafin shekarar ta ƙare aka yi karon Tsuntsuwa, kusa da Alkalawa. Mutanen Sabon Birni da Isa da Unguwar Lalle ba baƙin waɗannan sunaye ba ne, domin kufan Alkalawa yana nan a yankinku, a gefen gulbin Rima. Masu tarihin jihadi sun ambaci cewa a Tsuntsuwa Jama'a sun rasa mutum wajen 2,000, kuma kimanin 200 daga ciki mahaddata Alƙur'ani ne. Ɗan uwa, lissafa shekarun da ake ɗauka kafin a samu mahaddaci guda, sannan ka ninka sau 200. Yaƙi bai bar kowane ɓangare ba tare da rashi ba, amma wannan giɓi na masu ilimi ya daɗe bai cike ba.

Bayan haka sai ya fara ganin wani abin da ya fi rashin mutane ɗaga masa hankali: son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukatan wasu daga cikin mayaƙa. Wajen 1807 ya bar runduna da niyyar tafiya Makka. Da ya iso Kano sai mutanenta suka riƙe shi. Ya zauna yana yi musu tafsiri, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkam domin shugabanninsu su san hukuncin abin da aka ɗora musu. Daga nan ya komo gida. Alkalawa ta faɗi a 1808, a 1812 kuma Shehu ya danƙa masa kula da yammacin daula. Ya zauna Boɗinga, daga baya ya koma Gwandu.

KOWANE ƊALIBI DA MA'AUNINSA

To, a nan ne maganar take. A 1816 ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awil. A ciki akwai ƙira'o'i, da nahawu, da balaga, da saɓanin mazhabobi. Littafi ne na waɗanda suka yi nisa. Wani malamin da ya gama irin wannan aiki sai ya ce wanda bai gane ba ya je ya ƙaro karatu. Shi kuwa sai ya duba ya ga yawancin ɗaliban ƙasarsa kayan ya fi ƙarfin wuyansu. Sai ya sake zama, a 1822 ya fitar da Kifayatu Lu'afa'is Sudan, taƙaitaccen tafsiri a kan ruwayar Warshu da mutane suka saba karantawa, da mazhabar Malikiyya da suke aiki da ita. Alƙur'ani ɗaya, malami ɗaya, tafsiri biyu, saboda ɗalibai ba ɗaya suke ba.

Haka ya yi a ilimomin Alƙur'ani. Ya waƙe abin da Imam Suyuɗi ya tattara a cikin Miftahut Tafsir, sannan ya sake tace shi a Sulalatul Miftah. Masana na zamani, musamman masu bin ra'ayin Vygotsky na Rasha wanda ya rasu a 1934, suna cewa koyo ya fi kankama idan aka ba yaro abin da ya ɗan ɗara ƙarfinsa kaɗan, wanda zai iya kaiwa gare shi da taimakon malami. Bahaushe dai cewa ya yi daidai ruwa daidai tsaki.

Sai kuma maganar waƙa. Me ya sa ya zuba nahawu a dubban baitoci cikin Albahrul Muhiɗ, ya zuba sarafu cikin Alhisnur Rasin? Domin a zamanin da takarda ke da tsada, kuma littafi sai an kwafa da hannu, ƙirjin ɗalibi shi ne ma'ajiyarsa. Abin da ke da kari da amsa-amo da ma'ana ya fi zama a ƙwaƙwalwa. A 1885 wani masani ɗan Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa. Ya gano cewa haddace baitocin waƙa na buƙatar kusan kashi ɗaya cikin goma na maimaicin da gaɓoɓi marasa ma'ana ke buƙata. Ya kuma nuna mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya. Duk wanda ya yi tilawa da muraja'a a makarantar allo ya san wannan a aikace.

LADUBBAN MAI KOYARWA

Bai bar malamai haka nan ba. A cikin Alfara'idul Jalila ya taɓo hukunce-hukuncen koyar da Alƙur'ani, har da batun ladan malami da tarbiyyar yara. Ya kuma taƙaita Almadkhal na Ibnul Hajji, wanda ya rasu a Misira a 1336, ya kira taƙaitawar Lubabul Madkhal. Shi Almadkhal yana da babi guda a kan mai koyar da yara, inda ya hori malami ya daidaita tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ya kuma bayyana cewa yara sun bambanta wajen horo: wani ɓata fuska kawai ya ishe shi, wani sai an yi masa faɗa, duka kuwa shi ne na ƙarshe, kuma yana da iyaka. Ibnu Khaldun ma ya yi gargaɗin cewa tsanantawa na koya wa yaro ƙarya da yaudara da kasala. Irin wannan gado ne Malam Abdullahi ya ga ya dace ya kusanto wa malaman ƙasarsa.

Ya kuma san cewa cikas ɗin karatu ba a kai kaɗai yake ba, yana zuciya. Shi ya sa ya rubuta Tahzibul Insan a kan gyaran hali da cututtukan zuciya. Shi kansa an jarraba shi a nan. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, wanda ɗan yayansa ne kuma ɗalibinsa, aka ɗan samu sanyin dangantaka. Bayan yaƙin Kalambaina suka daidaita, malami ya yi wa ɗalibinsa mubaya'a. Ya ƙarasa rayuwarsa a Gwandu yana karantarwa da rubutu, har Allah Ya karɓi ransa a 1245, daidai da 1829.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

An buga Liya'ut Ta'awil a Alƙahira a 1961. Farfesa Abubakar Aliyu Gwandu ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Durham ta Ingila a 1977. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma sunansa yake ɗauke da shi. Ɗalibanmu na sashen ilimi, ga fili nan: a nazarci tsarinsa na koyarwa, a gwada shi da abin da binciken zamani ya tabbatar.

Amma akwai abin da ya fi gaggawa. Yau a Sabon Birni da Isa 'yan bindiga sun tashi garuruwa, yara da yawa sun bar allo sun bar aji. Yaron da ya kwana a daji saboda tsoro, ya zo gabanka da yunwa, wallahi ba zai riƙe abin da ɗan uwansa mai kwanciyar hankali zai riƙe ba. Kafin ka kira shi daƙiƙi, malam, tambayi kanka: na auna shi kuwa? Rage masa darasin, maimaita masa, ka bar bulalar nan ta huta. Ku ma iyaye, kada ku gwada ɗanku da ɗan maƙwabci. Idan wanda ya rubuta Liya'ut Ta'awil bai ga ƙasƙanci ba a sake rubuta tafsiri domin masu rauni, ni da kai mene ne uzurinmu?

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya zaunar da ƙasar Gobir da Najeriya baki ɗaya lafiya, Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani. Amin.