Fada Augustus Tolton

An haifi Augustus Tolton cikin bauta a jihar Misuri ta Amurka a shekarar 1854. Yana yaro mahaifiyarsa ta tsere da shi zuwa garin Quincy. Da ya ji kiran Ubangiji, dukan makarantun horar da firistoci na ƙasar da ya nema suka ƙi shi, don baƙar fatarsa kawai. Roma ce ta karɓe shi, aka naɗa shi firist a 1886, aka mayar da shi Quincy. Baƙaƙe da farare suka cika cocinsa, abin ya tsone wa wani firist farar fata ido, har Tolton ya ƙaura zuwa Shikago a 1889. A can ya rasu a 1897, yana da shekara 43.