Robert FitzRoy: Jami'in da ya fara gargaɗin guguwa, aka dakatar da aikinsa bayan mutuwarsa

A daren 25 ga Oktoba 1859, guguwa mai ƙarfi ta afka wa yammacin Birtaniya. Jirgin ruwan Royal Charter, wanda ya taso daga Melbourne ta Ostireliya zuwa Liverpool, ya daki duwatsun gaɓar tsibirin Anglesey da asubahin washegari, mutum kimanin 450 suka halaka. A wani ƙaramin ofishin gwamnati a Landan, Robert FitzRoy ya tattara bayanan iska na waɗannan kwanaki, ya kuma tabbatar wa kansa cewa da an sanar da matuƙan jiragen ruwa tun da wuri, da an ceci rayuka masu yawa.

An haifi FitzRoy ranar 5 ga Yuli 1805 a yankin Suffolk na Ingila, a gidan sarauta. Ya shiga makarantar sojan ruwa yana ɗan shekara 12, ya zama kyaftin ɗin jirgin Beagle yana da shekara 23. Shi ne ya ja jirgin a tafiyar 1831 zuwa 1836 da Charles Darwin ya shiga. A 1843 aka naɗa shi gwamnan New Zealand, inda ya yanke cewa Turawa 'yan kama-wuri-zauna ne suka tsokano rikicin filaye na Wairau, ya ƙi hukunta 'yan ƙabilar Maori. Turawan ba su yafe masa ba, kuma a 1845 aka sauke shi.

A 1854 aka ɗora shi kan sabon sashen tattara bayanan yanayi a ƙarƙashin Hukumar Ciniki, da ma'aikata ƙalilan. Aikin da aka ba shi na ajiye alƙaluma ne kawai. Bayan bala'in Royal Charter sai ya faɗaɗa shi: ya kafa tashoshi a gaɓar teku da ke aiko masa da nauyin iska da alƙiblarta kowace safiya ta wayar tangarahu. Daga Fabrairun 1861, idan ya hango guguwa, ana ɗaga alamu masu siffar mazurari da ganga a tashoshin jiragen ruwa. Ya kuma rarraba wa ƙauyukan masunta ma'aunan nauyin iska. Ranar 1 ga Agusta 1861 jaridar The Times ta buga hasashensa na yanayi na farko domin jama'a.

Adawa ta taso masa ta fuska biyu. Masu jiragen kamun kifi sun fusata, domin masunta kan ƙi fita teku idan suka ga alama, ribar masu jari kuma ta ragu. Wasu masana kimiyya kuwa sun ce hasashen ba shi da ƙwaƙƙwaran tushe, jaridu na yi masa ba'a duk ranar da ya kuskure. Kuskuren yana faruwa, domin bayanan da ke hannunsa kaɗan ne, amma masunta da ke sa ransu a kan ruwa sun riƙe alamun da muhimmanci.

Gajiya da ciwon damuwa suka yi masa yawa, dukiyarsa ma ta ƙare a hidimar gwamnati. Ranar 30 ga Afrilu 1865 ya kashe kansa a gidansa da ke Norwood. Wani kwamiti ƙarƙashin Francis Galton ya soki aikinsa a 1866, aka dakatar da gargaɗin guguwa a Disambar shekarar. Masunta da mutanen garuruwan gaɓar teku suka matsa lamba, aka maido da shi cikin kimanin shekara guda, hasashen yau da kullum kuwa bai dawo ba sai 1879.

Sashen da ya kafa shi ne ya zama hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya ta yau. A 2002 aka sanya sunansa a kan wani yankin teku da ke yamma da Sifaniya, kuma har gobe ana ambaton sunan a gargaɗin da ake karanta wa matuƙan jiragen ruwa ta rediyo.